Madam Yaya-Jiki

Shekara uku bayan an haɗe ɓangaren Faransanci da na Turanci ƙasa ɗaya, Mesiye Michel, daraktan wata babbar makarantar horar da malamai a bayan garin Garwa, ya je taro Yawunde, babban birnin ƙasar, ya dawo da sabuwar kwat da sabon tunani. Kwat ɗin ba ta yi mako ba zafin Garwa ya tuɓe masa ita. Tunanin kuwa ya zauna daram. Ya ce a can ya ji cewa malamai ma mutane ne, kansu yana ɗaukar zafi, zuciyarsu tana gajiya, don haka a sami mai kula da su tun kafin wani ya zube a gaban allo. Ya duba nan ya duba can, bai ga wanda zai ɗora wa kayan ba sai Émilienne, nas ɗin makarantar, wadda ta yi shekara huɗu a asibitin gari, har da wata shida a ɓangaren masu taɓin hankali. Ya naɗa ta shugabar kwamitin kula da hankalin malamai. Ita ce shugaba, ita ce magatakarda, ita ce sauran 'yan kwamitin.

Aka ba ta ɗakin da ake ajiye taswirori, aka sa tebur da kujera biyu. A jikin ƙofa darakta ya sa aka manna takarda da Faransanci, kuma kalmar hankali da ke cikinta ita ta kashe kasuwar tun ba a buɗe ba. Malamai ashirin da uku, ba wanda ya yarda a ga ƙafarsa a bakin ƙofar nan. In mutum zai wuce sai ya ƙara sauri kamar an ɗaure kare a ciki. Waɗanda suka shigo, maganin zazzaɓi suka zo karɓa, a tsaye, suna ɗaga murya don na waje su ji abin da ya kawo su.

Émilienne 'yar duwatsun arewa ce, Kirista, gajeriya, mai saurin tafiya. Harshe huɗu ne a bakinta: na gidansu, Fulatanci, Faransanci, sai Hausa. Hausar a kasuwa ta tsince ta, wajen masu atamfa da masu goro, saboda haka ta iya ciniki kuma ta iya faɗa, sauran kuwa tana cikowa da Fulatanci. To, a Fulatanci in ka gamu da mutum da safe ka ce masa "Jam ɓandu na?", wato jiki lafiya, ba ka yi laifi ba, gaisuwa ce ta kowa da kowa. Sai ta ɗauke ta ɗungurungum ta juye cikin Hausa. Duk Bahaushen da ta gamu da shi, da murmushinta, sai ta ce, "Yaya jiki?"

Kowane Bahaushe ya san wanda ake yi wa wannan tambaya. Ita ba ta sani ba, kuma ba wanda ya yi niyyar gaya mata, don abin yana yi musu daɗi.

Hausawa biyu ne a cikin malaman, dukansu jikokin fatake da suka zo da haja suka zauna a Garwa. Malam Hamadu, mai koyar da kimiyya, shi ya sa mata suna Madam Yaya-Jiki, kuma kullum yana da sabuwar amsa. Yau ya ce, "Yana nan inda na bar shi jiya, Madam." Gobe ya shafa tumbinsa ya ce, "Yana gaishe ki." Ita kuwa sai ta yi dariya ta wuce, a zatonta barkwancinsa ne kawai.

Na biyun shi ne Malam Ilyasu, mai koyar da labarin ƙasa, dogo, mai tsabta, wanda ko a tsakiyar bazara maɓallin wuyan rigarsa a rufe yake. Shi kaɗai yake shiga ɗakin Émilienne ba tare da waige-waige ba, don taswirorinsa suna ciki. Kullum ƙarfe bakwai da rabi zai shigo, ta ce, "Malam, yaya jiki?" Shi kuma ya zaro taswirar da yake so, ya sa a hammata, ya ce, "Ina kwana ake cewa, Madam." Ba ƙari, ba bayani. Ta ɗauka tsabar iyayi ne irin na malaman da suke gyara wa mutane magana ko a wajen jana'iza, don haka da gangan ta ƙi canjawa. Shekara guda suna haka, kuma a ransu duka biyun abin ya zama kamar shayin safe.

Wata Litinin a farkon bazara ya shigo ya tsaya gaban taswirorin ya daɗe, kamar ya manta wadda ya zo ɗauka.

"Malam, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, bai ko juyo ba. Ya fita hannu rabbana.

Émilienne ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce a ranta yau dai ta ci nasara, mai gyaran magana ya gaji ya sallama. Har ta so ta ba Malam Hamadu labari, sai aiki ya ɗauke mata hankali. Bayan wannan ba ta sake ganin Malam Ilyasu a ɗakin ba, ta ɗauka darasin da yake yi ne ba ya bukatar taswira.

Mako uku bayan haka, ranar Laraba, darakta ya kira ta ofis. Yana zaune ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya gaya mata da Faransanci cewa Malam Ilyasu ya bar darasi har goma sha ɗaya ba malami. Yakan zo da safe ya sa hannu a littafin zuwa aiki, sannan ya ɓace. Ya kira shi sau biyu ya tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya ƙalau. Ko akwai matsala a gida, ya ce babu.

"Mutumin da yake lafiya ƙalau kuma ba ya shiga aji, doka ta ba shi suna," in ji darakta. "Watsi da aiki. Jibi Juma'a jakar wasiƙu za ta tafi wurin sufeton makarantu, kuma takardarsa tana ciki. In ta tafi, an kore shi ke nan, ba ni da ikon dawo da ita. Da ciwo ne, da takardar likita ta wadatar, a ba shi hutu. Amma ya ce lafiyarsa lau. Ke ce shugabar kwamiti, me kwamiti ya gani?"

Kwamiti bai ga komai ba, kuma kunya ta kama kwamiti. Ta roƙe shi kada ya rufe ambulan sai Juma'a da safe. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya ji. Mesiye Michel ba mugu ba ne, mutum ne dai da yake tsoron sufeto fiye da yadda yake tsoron zazzaɓi.

Ta fito ranta a jagule, ta nufi gindin darbejiyar da Iyatu take sayar wa malamai shinkafa da miyar kifi. Iyatu tsohuwa ce daga unguwar Hausawa, ta san kakan kowa da abin da kakan ya aikata. Ranar tana zaune a kan turmi, ta miƙe ƙafa ɗaya, an ɗaure gwiwar da tsumma.

"Iya, yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Gwiwar ce dai ta hana ni sakat tun shekaranjiya. Yau kam tambayarki ta faɗa inda ya dace."

Émilienne ta tsaya da kwano a hannu. "Kamar yaya inda ya dace?"

Iyatu ta dube ta, ta yi dariya har gwiwar ta amsa. "Au, har yanzu ba su gaya miki ba? 'Yan banza. Ai mara lafiya ake ce wa yaya jiki. Shekara da shekaru kina bin mutane garau kina duba su kamar an kwantar da su a asibiti. Ran nan har limamin unguwarmu kika yi wa, ya koma gida yana tambayar matarsa ko ya rame."

Émilienne ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna limamin, ta tuna mai atamfa, ta tuna baƙin darakta da ta tarba a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Amma kunyar ba ta gama sauka ba wani abu ya taso a bayanta.

"To, Iya, wanda ya ce da sauƙi fa?"

"Shi ne mai ciwon mana. Mai lafiya me zai yi da sauƙi? Ko mutum yana gargarar mutuwa da sauƙi zai ce, ba zai ce miki ya yi tsanani ba. Amma in ya faɗe ta, to ya amsa cewa akwai ciwo."

Ta ajiye kwanon. Mako uku ke nan mutumin ya gaya mata, da bakinsa, a cikin ɗakin da aka buɗe musamman don a faɗi irin wannan magana, ita kuwa tana murnar ta ci gardama. Baƙin ciki ya cika ta, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa sai kanta.

Ta tambayi Iyatu ko ta san inda Malam Ilyasu yake zuwa. Tsohuwa ta gyara ɗaurin gwiwarta, ta rage murya. Ta ce kullum in ta je sayen kifi bakin kogin Binuwai tana ganin mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, a jingine a ƙasan gada, shi kuma yana zaune yana kallon ruwa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba huruminta ba ne. Matarsa Mairamu ba ta san komai ba, jiya ma a gidan suna tana yabon yadda yake dawowa hannun riga duk alli.

Ranar Alhamis da hantsi Émilienne ta rufe ɗakinta, wanda dama ba mai nemansa, ta hau kekenta. Ruwan kogi ya ja baya, yashi ya fito fili, mata suna shanya wanki a kai. Motocin auduga suna wucewa a kan gada suna girgiza ta. Ta same shi inda aka ce, a kan wani kwale-kwale da aka kife, maɓallin wuya a rufe, jakar koyarwa a kan cinya. Da ya gan ta ya miƙe, don ladabi bai bar shi ba ko a nan.

"Madam. Lafiya?"

"Lafiya lau. Kai fa, Malam?"

"Lafiya ƙalau."

Ta zauna a ɗaya gefen kwale-kwalen ba tare da an ce ta zauna ba. Shi ma dole ya koma ya zauna. Suka yi shiru har motar auduga biyu suka wuce. Émilienne mace ce mai son magana, shirun nan ya fi mata hawan keken wahala, amma a asibiti ta koyi cewa wanda ya yi gaggawar cika shiru shi yake hana a gaya masa gaskiya.

Daga baya ta ce, "Jiya Iyatu ta koya mini Hausa. Shekara guda kana gyara mini ba ka gaya mini dalili ba, wannan ba koyarwa ba ce, Malam, a ajinka da an ba ka sifili." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ta ci gaba, "Yanzu na san wanda ake yi wa tambayar. Da sanina zan yi ta. Malam Ilyasu, yaya jiki?"

Ya daɗe yana kallon jakarsa. Ya buɗe baki, ta ga gyaran ya zo har kan harshensa ya koma.

"Ba jikin ba ne," in ji shi. "Da jikin ne da na ji daɗi. Madam, ba wanda ya mutu. Ba a yi mini sata ba. Matata tana girmama ni, yarana uku lafiyarsu lau, ina da aikin da mahaifina bai taɓa mafarkinsa ba. Amma tun bayan Sallah in na farka sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Abinci kamar ƙasa. Na tsaya gaban ɗalibai da alli a hannu, na manta sunan kogin nan da muke zaune a bakinsa, kogin da aka haife ni kusa da shi. Suka yi shiru suna jira. Tun ranar in na doshi ƙofar aji ƙafata ba ta shiga." Ya buɗe jakar ya nuna mata guntun alli. "Kafin in koma gida nakan goga wannan a hannun riga, don kada Mairamu ta tambaya. Me zan ce mata? Wanda Allah ya yi wa wannan duka ya ce ba shi da lafiya, ai butulci ne."

"Zazzaɓi yana tambayar mutum ko yana da aiki kafin ya kama shi?"

"Zazzaɓi daban."

"A asibiti na ga irin naka da yawa. Na ga alƙali, na ga mai sayar da shanu, na ga matar fasto. Ba wanda ya mutu musu su ma. Ciwo ne, yana da suna, likita ya san shi, kuma mutane suna warkewa." Ta juyo ta fuskance shi sosai. "Zan yi maka tambaya ɗaya, kada ka ji haushi, aikina ne. Ruwan nan da kake kallo, ka taɓa tunanin shiga ka ƙi fitowa?"

Bai yi fushi ba. Kamar ma an sauke masa wani abu. "Ban ce zan shiga ba," ya ce a hankali. "Amma kwana biyun nan ban ce ba zan shiga ba."

Ta ji tsoro, amma ba ta bari ya gani ba. Ta gaya masa maganar takardar da za ta tafi gobe, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce yau ba za ta bar shi shi kaɗai ba, daga nan asibiti za su, daga asibiti gida, kuma Mairamu za ta ji, daga bakinsa ko daga nata, ya zaɓa.

"Me likitan zai rubuta? Mahaukaci?"

"Zai rubuta mara lafiya, yana bukatar hutu. Abin da darakta zai gani ke nan. Sauran tsakaninka da likita ne, da ni in ka so."

"Duk unguwa za ta ji."

"Za ta ji ba ka da lafiya. Unguwarku ta san abin da ake yi wa mara lafiya, ko ba ta sani ba?"

Ya ɗauki guntun allin ya mayar cikin jaka, ya rufe, ya miƙe. Suka hau hanya, shi yana tura mobilet, ita tana tura keke, cikin ranar da ko kare ba ya fita. A hanya ta ce asibiti tana kusa da "kasuwan" kifi, ya ce kasuwar ake cewa. Ba ta taɓa jin daɗin gyara irin na ranar ba.

Juma'a da safe ta ajiye takardar likita a kan teburin darakta: hutun wata biyu. Mesiye Michel ya karanta sau biyu, ya zare tasa takardar daga ambulan ya yaga, ya ce dama ya san kafa kwamitin nan dabara ce mai kyau.

Mairamu ta yi kuka da ta ji, ba don ciwon ba, don allin. Ta ce mako uku tana wanke ƙarya da sabulunta. Unguwa kuwa ta yi abin da ta iya. Tunda an ce ba shi da lafiya, aka fara zuwa dubiya da kunu da lemo, a zauna a zaure, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, ba mai neman ya nuna inda yake masa ciwo. Wasu sun ce iska ce, Iyatu ta aiko da turare, limami ya yi addu'a, likita ya ba da ƙwayoyi, Émilienne kuma tana zuwa Talata da Asabar ta zauna ta saurara. Malam Hamadu ya zo ranar farko da barkwancinsa a shirye, ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye shi. Bayan mako biyu aka gan shi ya shiga ɗakin taswirori ya rufe ƙofa, ya yi rabin awa. Da ya fito ya gaya wa kowa taswirar Turai ya je nema, shi da yake koyar da kimiyya.

Émilienne ta gyara gaisuwarta. Kowa yanzu ina kwana take ce masa, har Malam Hamadu ya yi ƙorafin an rage masa jin daɗin safiya. Mutum ɗaya kawai ta bar wa tsohuwar tambayar. Da Malam Ilyasu ya dawo aiki bayan saukar damina, a rame, da aji biyu kacal a mako, kullum in ya shigo ɗaukar taswira takan ce, "Malam, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Wata rana da ƙarfi, wata rana da kyar take jin muryar, sai ta tura masa kujera ta biyu da ƙafa, ya zauna minti goma kafin ƙararrawa. Haka suka yi har aka girbe gero, har aka fara ɗibar auduga.

Wata Litinin, bayan darasin farko, ya shigo da sauri don ya makara shiga na biyu. Ya zaro taswirar Afirka ya sa a hammata. Hannun rigarsa akwai alli, kuma ta san na allo ne, don har a gira ya taɓa shi tun darasin farko.

"Malam, yaya jiki?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ina kwana ake cewa, Madam."

Ya fita. Émilienne ta bi bayansa da kallo har ya shige aji. Sannan shugabar kwamiti ta tashi ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar marasa lafiya, ta yi kukanta son ranta, ga magatakarda da sauran 'yan kwamiti duk suna taya ta.